Na Tuɓe Wa Babur Ɗin Auta Riga

Litinin, da yamma

Sun riƙe Auta a asibiti. Da muka fita da safe cewa aka yi hoton kai kawai za a ɗauka mu dawo gida. Likitan ya duba hoton ya kira wani likita, shi ma ya kira wani, daga nan aka ce a nemo gado. Umma ta zauna a bakin gadon ta riƙe ƙafarsa kamar wani zai ƙwace mata shi. Matarsa, wadda har yau muke kira Amarya duk da amarcin ya daɗe da wucewa, ita ke ta kai da kawo da takardu. Ni aka aika gida ɗauko bargo da filas.

Da na dawo na shiga rumfar bayan gida in ajiye akwatin aikina, sai na yi ido biyu da babur ɗinsa, jingine da bango inda muka tashe shi makon jiya. Ƙaton babur na tsere, ja wur, wanda in ya taho tun daga bakin titi Umma ke fara salati. A tsakar gida ya faɗi da shi, a tsaye, ba gudu ba komai. Ya ce hannunsa na dama ne ya saki haka kawai. Muka yi ta yi masa dariya. Ni na fi kowa.

Rigar robar da ta lulluɓe gaban babur ɗin ta tsage tun daga fitila har ƙarƙashin tanki. Na daɗe a tsaye ina shafa tsagar, har sai da maiɗakina ta leƙo ta ce abinci ya huce.

Talata, da rana

Na je. An saka masa rigar asibiti mai igiya a baya, ta yi masa kaɗan, gwiwoyinsa duk a waje. Bakinsa dai yana nan yadda yake.

"Yaya, ya jikin mutumina?"

"Wane mutumin?"

"Babur mana. Ni ai ga ni."

Na ce rigarsa ta yage, kuma irinta ba ta samuwa a kusa. Ya ce dama ta huta. Ya gyara kwanciya ya shiga zancen nan nasa da na sha ji. Wai akwai yadda 'yan babur ke yi, su tuɓe wa babur ɗin tsere riga gaba ɗaya, a bar injin a fili kowa ya ga haƙarƙarinsa. A cire ƙananan hannuwan nan da sai ka kwanta a kan tanki kafin ka kama su, a sa dogon hannu mai faɗi ka zauna daram. A gajarta wutsiya, a sa 'yar fitila mai harara.

"Ɗan damben titi ke nan, Yaya. Ba kwalliya, sai faɗa."

Na ce to bari in fara masa kafin a sallame shi. Ya yi dariya har Umma ta harare shi.

"Kai da firiji kawai ka iya gyarawa? Kar in dawo in tarar babur ɗina yana ƙanƙara."

Amarya ta miƙa masa kofin ruwa. Ya kai hannu gefen kofin, ya sake kaiwa, sannan ya kama. Kofin ya zame ya jiƙa bargo. Kowa ya yi kamar bai gani ba. Na ce ina da aiki a wani shago, na fito. Ba ni da aiki a ko'ina.

Laraba, da hantsi

Na fara. Ban taɓa sanin rigar babur tana da notuna haka ba. Ka kwance wanda kake gani, ka ja, ta ƙi, ashe akwai wani a ɓoye a ƙarƙashin wani. Na zuba su a gwangwanin madara. Ɓarin hagu ya fita lafiya. Ɓarin dama, mai tsagar, ya ƙarasa karyewa a hannuna.

A ciki duk ƙura ce da busassun ƙwari, ga wayoyi suna reto kamar hanjin kaza. Muni kam ya yi muni. Amma injin yana da kyau, wallahi. Yaron nan bai taɓa wasa da juyen baƙin mai ba.

Alhamis, da yamma

Babban likita ya ce yana son ganin babba a gidan. Tun rasuwar Baba ni ne babba a gidan, ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Ofishinsa ƙarami ne, na'urar sanyaya ɗakin tana ɗigar ruwa a bokiti. Bututun ne ya toshe, da sun ba ni waya siririya da na buɗe musu. Abin da na yi ta kallo ke nan. Ya juyo min da fuskar kwamfuta, ya nuna wani abu a cikin hoton kan Auta da bayan biro. Ya yi magana a hankali, ya maimaita. Ya ce ko ina da tambaya. Na ce na gode.

Ban shiga ɗakin da Auta yake ba. Na bi ta ƙofar baya.

Na cire madubai da gilashin gaba.

Juma'a, da safe

Ƙaramar sifanata ta ɓata. Na juye rumfar duka ina zagi. A aljihuna take.

Asabar, da rana

Na zaga layin masu kayan babur na samo dogon hannu, baƙi, mai faɗi. Kafin ya zauna sai an huda farantin ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba, an ɗaure masa mazauni. Na kai wa mai walda na bakin kwana, abokin Auta ne tun suna 'yan makaranta. Ya juya farantin ya duba, ya ce ƙarfen yana da kauri, zai ɗauka.

Yana cikin hudawa ya ce, "Jiya na leƙa mutumin."

Na ce, "Da sauƙi ai."

Ya ɗaga tabarau ɗin waldarsa ya dube ni. "Ya ce kwana biyu bai ji muryarka ba."

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ya mayar da tabarau. Ya ci gaba da hudawa.

Lahadi, da yamma

Hannun ya zauna. Na hau na gwada, mutum ya miƙe bayansa sosai, kafaɗa a buɗe. Gaskiyar Auta, zaman ya fi daɗi.

Na ɗauki hoto na tura masa. Ba a jima ba amsa ta zo: "Ya yi kyau, Yaya. Allah ya saka."

Na karanta na sake karantawa. Auta bai taɓa yabon aikina ba tare da ya haɗa da tsiya ba. Ko ranar da na gyara musu firijinsu cewa ya yi ruwan ya fi sanyi lokacin da yake a lalace. Gajiya ce. Magungunan nan suna kashe jiki.

Litinin, da hantsi

Umma ta dawo gida wanke musu kaya. Ina tsugune ina kwance akwatin fitila na ga inuwarta a bakin rumfa. Ta rame. Ta dubi robobin da na jera a jikin bango, ta dubi babur ɗin.

"Abin da kake yi ke nan."

"Shi ya ce in yi, Umma."

"Ƙaninka yana tambayarka."

"Gobe zan je, in Allah ya yarda."

"Jiya ma gobe ka ce wa matarka."

Na ce mata ta yi hankali akwai notuna a ƙasa. Ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya ta zo har inda nake, ta ɗora hannu a kaina kamar lokacin da nake yaro. Na ƙi ɗagowa. Da na ɗago da na ga fuskarta, kuma ban shirya ba.

Talata, da rana

Tiyon birki ya yi wa sabon hannun gajere. Wayar kuloci ma. Sai an nemo dogaye.

Laraba, da yamma

Yau na je. Na sayi lemo da ayaba, na hau bene, na bi dogon barandan nan mai warin magani har ƙofar ɗakin. Labulen a ja yake. Na ji wani yana kiran Amarya, murya mai nauyi, kamar harshen ya cika bakin. Na ce a raina wannan mara lafiyar yana shan wahala. Sai ya sake kira, na gane Auta ne.

Na ba wata ma'aikaciya ledar na ce ta kai gado na kusa da taga.

A hanyar dawowa na samo tiyon birkin.

Alhamis, da hantsi

Wutsiya. Wannan shi ne babban aikin. Bayan babur ɗin dogo ne, ga kujerar goyo, ga ƙarfen riƙewa, ga matakan ƙafar na baya. Ɗan damben titi ba ya ɗaukar wannan duka. Na auna, na ja layi da alli daidai bayan kujerar matuƙi.

Mai walda ya zo da injin yankansa. Ya tsuguna ya dubi layin.

"Yaya, riga dai ana mayarwa. Wannan in an yanke an yanke. Ka tambayi mai shi?"

Na tura saƙo a gabansa. Amsa ta zo: "Duk yadda ka ga ya dace, Yaya."

Na nuna masa. Ya karanta, ya cije leɓe, ya jona wuta. Tartsatsi ya cika rumfar, ƙarar ta hana ni jin komai, kuma na ji daɗin hakan. Da ƙarfen ya faɗi ƙasa sai rumfar ta yi shiru, na ji kamar in ce masa ya nemo wani abin ya yanka.

Ya lanƙwasa ɗan bututu ya rufe bakin, ya yi walda mai tsafta. Ya ƙi shan ruwan da na kawo masa.

Juma'a, da yamma

Wata mai sayar da kifi da nake yi wa gyara ta kira ni har ta gaji, ta zo gida da kanta. Firizarta na hannuna tun kafin a kwantar da Auta. Ta yi faɗa a ƙofar gida, ta ce kayanta na narkewa ni ina nan ina wasa da babur kamar saurayi. Tana da gaskiya. Na ce ta kai wa wani.

Maiɗakina ta jira har yara suka fita, ta ce, "Ni nake kai abinci, ni nake dawowa da kwanuka. Kullum sai in ce masa kana gaishe shi. Na gaji da ɗaukar gaisuwar nan, ta fi kwanukan nauyi."

Na ce in na gama zan kai masa labari mai daɗi. Wa zai je wurin mara lafiya hannu biyu?

Ta ce, "Ɗan'uwansa."

Asabar, tun safe har rana ta faɗi

Wayoyi. Da can riga ce ke ɓoye su, yanzu ba inda za su shiga. Na kwance damin duka, na bi kowace har gindinta, na gajarta wasu, na cusa sauran a ƙarƙashin tanki na naɗe da baƙin salatif. Wannan kam aikina ne, hannuna ya san shi. Na jona 'yar fitilar da na samo, mai ido biyu ɗaya bisa ɗaya. Na murza makulli, fis ya ƙone. Na sa wani, ya ƙone. Ashe wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe.

Abin da nake so da waya ke nan. In abu ya lalace akwai wurin da ya lalace, ka bi a hankali ka same shi.

Na tura hoto. "Masha Allah, Yaya."

Lahadi

Ban fita daga rumfa ba.

Litinin, da rana

Na goge tankin da samfefa har jan ya fita, na fesa baƙin fenti mara ƙyalli. Iska ta kawo ƙura ta manne a shafin farko, na sake gogewa. Hannuwana sun yi baƙi har gwiwar hannu.

Ina shafa fentin na tuna ranar da ya kawo babur ɗin nan gida. Ya yi ta zagaya shi yana goge shi da hannun rigarsa, ya hana kowa taɓawa, ya ce mu dai kalla daga nesa. Umma ta ce in dai tana raye ba za ta sa albarka a wannan aljanin ba. Washegari aka kama ta tana kore kaji daga kusa da shi.

Laraba, da yamma

Amarya ta kira. Ita da kanta, ba saƙo ba. Ta ce likitoci sun ce a dawo da shi gida jibi, zai fi samun hutu a cikin 'yan'uwansa.

Na ce, "Alhamdulillahi, ashe an samu sauƙi."

Ta ce, "A gyara masa ɗakin ƙasa, Yaya. Ba zai iya matakala ba."

Maiɗakina ta gyara ɗakin. Ni saura salansa da siginoni da mazaunin lamba. Jibi ba nisa.

Alhamis, da yamma

Ya tashi! Bugu na farko ya yi tari, na biyu ya kama. Gajeren salansan ya sa muryarsa ta yi kauri, kwanon rumfar har rawa yake. Yara suka fito da gudu. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wani zararre.

Na wanke shi, na goge tayoyi. Baƙi ƙirin, kafaɗa a buɗe, wutsiya a ɗage, ido biyu yana harara. Yadda ya faɗa, haka ya fito.

Juma'a, da rana

Na turo shi tsakar gida tun da safe, na tsayar da shi daidai inda in an shigo shi za a fara gani. Na canza masa wuri ya fi a ƙirga saboda rana.

Mota ta tsaya. Umma ta fara fitowa, sai Amarya. Direban da mai walda suka tallafo shi. Wandon da na sani ya matse shi yanzu igiya ce ke riƙe da shi. An aske rabin kansa. Na tsaya kusa da babur ɗin, hannuna a kan tanki, ina jira ya ɗago.

Ya ɗago. Ya dubi wajen famfo, inda ba kowa.

"Yaya? Kai ne? Na ji warin fetur."

Na ce ni ne. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, idonsa ya wuce ta gefen kunnena. Ya yi murmushi da rabin baki.

"Ashe kana gari."

Suka wuce da shi ta gefen babur ɗin, gwiwarsa har ta goge tayar gaba. Aka shigar da shi ɗaki.

Juma'a, da yamma

Amarya na wanke kwanuka a bakin famfo. Na je na tsaya a bayanta.

Ba ta juyo ba ta ce, "Tun makon farko idon ya fara tafiya. Da farko gefe ɗaya ne, daga baya duka. Haske da duhu kawai yake rabewa."

"Hotunan fa?"

"Ni nake gaya masa abin da ke ciki. Ban san sunayen kayan ba, sai in ce ga wani ƙarfe baƙi an ɗaura a gaba. Shi yake gaya min sunansa. In ya gaji in rubuta maka abin da ya zo bakina."

"Ranar yankan baya fa?"

"Ranar bai farka ba sam."

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya min. Ta ajiye kwanon ta juyo. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta dubi tsakiyar idona ba sai yau.

"Ya ce kar a gaya maka a waya. Ya ce in ka zo zai gaya maka da bakinsa."

Asabar, da hantsi

Ya ce a fito da shi ya gaisa da mutuminsa. Muka ajiye masa kujera a gefen babur ɗin. Na kama hannunsa na hagu, mai sauran ƙarfi, na ɗora a kan tanki. Daga nan ya ce in sake shi.

Ya shafa tankin. "Ba santsi. Wane launi?"

"Baƙi."

"Uhm." Ya bi hannun babur ɗin daga wannan baki zuwa wancan, ya matsa birki, ya ce ya yi laushi, akwai iska a tiyon. Ya laluba fitilar, ya yi dariya. "Wannan ai fuskar maƙwabcinmu ce in an taɓa masa mota." Ya sa yatsu a cikin haƙarƙarin injin ya daɗe a wurin. Ya ce wayoyin sun kwanta da kyau, a nan dai mai firiji ya yi abin kai.

Sai ya ce, "Yaya, da yamma in rana ta yi sanyi ka goya ni mu zaga unguwa. A hankali. Iska kawai nake so in ji a fuskata."

Yana faɗa hannunsa na bin kujera zuwa baya. Ya kai ƙarshenta. Ya shafa waldar, ya miƙa hannun gaba kaɗan, ya kama iska. Ya dawo ya sake shafawa.

"Au," ya ce. "Ka yi aikin har ƙarshe."

Ya ce a mayar da shi ciki, rana ta fara zafi.

Lahadi, da safe

Na tono guntun wutsiyar daga cikin tarkace, na ɗauka zan kai wa mai walda. Za a iya sa bututu a ciki a haɗa, a mayar da kujerar da matakan ƙafa. Aikin 'yan kwanaki ne in ban tsaya komai ba.

A zaure Amarya ta tare ni. Ta dubi ƙarfen da ke hannuna.

"Ina kuma za ka, Yaya?"

Na yi mata bayani, har da yadda za a yi waldar.

Ta ce, "Ko ka mayar ba zai iya riƙe ka ba. Zama ma sai da matashi ta ko'ina. Shi ma ya sani. Hira yake nema da kai, ya rasa ta inda zai kamo ka sai ta babur." Ta nuna ƙofar ɗakinsa. "Ni zan shiga wanka. Umma ta samu barci yanzun nan. Ba kowa a wurinsa."

Na jingine ƙarfen a zaure.

Lahadi, da yamma

Na zauna. Da farko ban san inda zan sa hannuwana ba. Ya ce in gaya masa abin da ke faruwa a waje, na leƙa taga na ce ba komai. Ya ce ƙarya ne, titi ba ya rasa komai. Na fara: ga mai kayan miya ya tsaya yana faɗa da wata a kan tumatir, ga akuyar maƙwabta ta hau kan tulin yashi, ga wani ya wuce da katifa a ka. Ya ce katifar sabuwa ce ko tsohuwa. Na ce tsohuwa. Ya ce to an kore shi ne. Muka yi dariya har ya sarƙe.

Abin ba wuya. Abin da ke ta cina ke nan tun ɗazu. Ba wuya ko kaɗan.

Talata, da hantsi

Na yi masa aski. Fatarsa ta yi laushi, reza na ta kamawa. Na ɗan yanke shi a haɓa.

"A hankali, Yaya. Ni kar ka gajarta min komai."

Umma ta yi dariya daga bakin ƙofa, ta koma ciki da sauri.

Laraba, da rana

Barci ya fi yawa yau. Na zauna duk da haka.

Alhamis, da yamma

Ya farka garau, har ya sha shayi rabin kofi. Ya ce in tayar masa da babur ya ji. Na buɗe taga, na fita na tayar. Da na dawo ya ce sululun, wato ƙarar injin in yana tsaye, ya yi sama, in rage kaɗan, kuma salansan nan zai sa maƙwabta su tsine min.

Can ya ce, "Jar rigar tana nan?"

Na ce tana rumfa, ɓari ɗaya ya karye.

"Da ita na fara zuwa ƙofar gidan su Amarya. Ƙannenta suka fito suna leƙa fuskarsu a jiki." Can ya ƙara da cewa, "Ka san zancen tuɓewar nan baki ne kawai. Mu 'yan babur haka muke, kullum za mu yi, za mu yi. Ni jan nan nake so."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ji ka samu abin riƙewa. Na ce bari in bar maka."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannun hagun. "Kar ka fara. In ka yi kuka Umma za ta ji, in ta ji ni za ta yi wa faɗa."

Ban fara ba. Sai da na fita.

Asabar, da safe

Bai gane Umma ba na ɗan lokaci. Daga baya ya gane ta.

Lahadi, da rana

Mun koma asibiti. Jikin ya rikice da safe, numfashin ya canza. Wani ɗakin suka ba mu, ƙarami, gado ɗaya. Ba wanda ya kira ni ofis wannan karon, ba abin da ya rage a nuna da biro.

Na sa Umma da Amarya sun je sun ɗan kwanta a benci na waje. Ina rubutun nan a kan gwiwata.

Ɗazu ya motsa, ya buɗe ido ya dubi silin.

"Waye nan?"

"Ni ne."

"Yaya?"

"Na'am."

"Tun ɗazu?"

"Tun ɗazu."

Ya daɗe yana tattara maganar. "Ba ka da aiki ne?"

"Ba ni da shi."

"To matso da kujerar. Ba na jin ka sosai."

Na matso.